Wanda Ya Yi Tafiyar Mako Cikin Rabin Sa'a, Shin Matafiyi Ne?

 

Mutumin Daura idan ya yi nufin shiga jirgin sama, filaye biyu ne a gabansa. Ko dai ya nufi yamma ta kan Mashi, ya isa filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, tafiyar kimanin kilomita 80, ko kuwa ya gangara kudu ta Kazaure da Dambatta, ya isa filin Malam Aminu Kano, tafiyar da ta haura kilomita 120. Tsakanin waɗannan filaye biyu kuwa, in aka auna ta sama a miƙe, akwai kimanin kilomita 140, ko da yake mai mota sai ya ci wajen 170, domin hanya ba ta miƙewa kamar zare. Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yakan ci kilomita 800 a sa'a guda, saboda haka lissafi ya nuna minti goma da 'yan kai sun ishe shi. Amma jirgi ba ya fara gudu daga bakin ƙofa. Sai ya ja jiki zuwa kan titinsa, ya tashi, ya hau, kuma bai gama hawa ba sai ya fara shirin sauka. Duk da haka, in an haɗa wannan da wancan, abin ba ya wuce rabin sa'a. Watau mutumin da ya baro Daura a mota bai kai Mashi ba, wanda ya tashi daga Katsina ya riga ya sauka Kano.

Wannan nisa shi ne fatake suke yi da jakunansu cikin mako guda ko kusa da haka, suna yada zango suna tashi, madugu a gaba. Ba a daɗe da barin wannan hali ba. A watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sama suka fara sauka Kano, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Shekara huɗu kafin nan, a 1921, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je aikin hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, aka yi ta mamakin saurin komowarsa, gama a zamanin nan talaka mai zuwa Makka a ƙasa yakan yi shekaru a hanya, yana noma yana ƙodago yana tara guzuri, wani ma a Sudan yake ƙare kwanakinsa bai ga Ka'aba ba. Yau daga Kano zuwa Jidda, kimanin kilomita 3,400, jirgi yana yi cikin wajen sa'a biyar.

To, a nan ne tambaya take tasowa, kuma tambaya ce da ba ta rabuwa da zaurukan karatu. Allah Ya yi wa matafiyi rangwame: ya mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, ya kuma sha azumin Ramadan ya rama daga baya. Kowa ya san an yi rangwamen ne saboda wahalar tafiya. Shin idan wahalar ta gushe, rangwamen yana nan? A ƙaddara mutum biyu a rana ɗaya ta bazara. Ɗaya attajiri ne, ya shiga jirgi a Katsina cikin sanyi, an miƙo masa abin sha, kafin ya shanye an ce a ɗaura ɗamara za a sauka Kano. Ɗayan kuwa manomi ne a ƙasar Baure ko Sandamu, tun hantsi yana sharar gona, rana ta gasa shi har leɓensa ya tsage. Azahar ta yi. Attajirin ya yi raka'a biyu ya sallame, manomin kuwa sai ya cika huɗu. Wanda zuciyarsa ba ta ɗan motsa ba da jin wannan, to bai saurara da kyau ba ne. Kuma kada a yi wa mai irin wannan tambaya tsawa a ce yana jayayya da shari'a, gama wanda ya fi shi daraja ya taɓa yin irinta, kamar yadda za a gani nan gaba.

Sai a fara da ma'auni. Littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, da Muktasar na Shehu Halilu, duk sun tsaya a kan baridi huɗu. Baridi ɗaya farsahi huɗu ne, farsahi kuwa mil uku, jimla mil 48, watau tafiyar yini biyu ga raƙumi mai kaya. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi ƙasaru a nisa irin na Makka zuwa Ɗa'ifa, da Makka zuwa Usfan, da Makka zuwa Jidda, ya kuma ƙiyasta wannan da baridi huɗu. Da malaman zamani suka zo mayar da mil na dā zuwa kilomita sai suka ɗan saɓa, domin ba su haɗu a kan tsawon kamu ba. Abdurrahman al-Jaziri, mai littafin fiƙihu a kan mazhabobi huɗu, ya kai shi kilomita 80 da ɗoriya kaɗan. Wahba al-Zuhaili, wanda ya rasu a 2015, ya kai shi kusan 89.

Ko da wane aka ɗauka, tsakanin filin Katsina da na Kano ya wuce iyaka da nisa, babu shakka a cikinsa. Inda shakka take shi ne tsakanin Daura da Katsina, domin kamar da gangan aka ajiye garuruwan biyu a bakin iyakar. Ga shi kuma ba a fara ƙirga daga ƙofar gida, sai an wuce gine-ginen gari da lambunan da ke haɗe da shi, garuruwa kuwa kullum ƙara faɗi suke yi suna cin hanya daga kowane ɓangare. Filin jirgin kansa yana gabashin birnin Katsina ne, watau ɓangaren da ke fuskantar Daura, wannan ya ƙara rage nisan. Masu sharhin Muktasar sun ce wanda ya yi ƙasaru a mil 40 zuwa sama babu ramuwa a kansa, amma ba su ce a fara haka da gangan ba. Daga nan sai wani abin sha'awa ya fito. Mota ɗaya ta taso daga Daura da asuba, a cikinta akwai maniyyaci da ƙanensa mai yi masa rakiya zuwa filin jirgi. Maniyyacin matafiyi ne tun daga inda gine-ginen Daura suka ƙare, domin Jidda ya nufa a tashi ɗaya. Ko an tsare shi a sansanin alhazai yana jiran jirgi yau gobe, yana nan a kan ƙasarunsa, muddin bai ƙudurta zaman kwana huɗu ba, bai kuma san tabbas zaman zai kai haka ba. Ƙanen kuwa, wanda zai juyo da yamma, cika salla ya fi masa tsira, kuma ba a haɗa masa zuwa da komowa a ce sun kai. Kujera ɗaya suka zauna, rami ɗaya motar ta faɗa da su, gajiyarsu ɗaya, hukuncinsu ya bambanta.

Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna cewa shari'a ba gajiya take aunawa ba. Malaman usulu sun rarrabe tsakanin abu biyu, illa da hikima. Hikima ita ce amfanin da ake nufi da hukunci, a nan ɗauke wahala ke nan. Illa kuwa ita ce alama bayyananniya wadda aka rataya hukuncin a kanta, wadda kowa zai iya gani ya auna, a nan tafiya ke nan. Dalilin da ya sa ba a rataya hukunci a kan wahala ita kanta ba shi ne wahala ba ta da mudu. Abin da zai kwantar da tsoho, saurayi bai san an yi ba. Abin da ɗan birni zai kira azaba, Bafillatanin da ya saba kora shanu daga Daura zuwa Damagaram hutu zai kira shi. Da an ce duk wanda ya gaji ya rage salla, da malalaci ne zai fi kowa cin ribar hukuncin, mai tsoron Allah kuwa ya yi ta waswasi, yana tambayar kansa ko gajiyarsa ta kai ko ba ta kai ba, har lokaci ya fita. Sai aka ba mutane abin da ba ya bukatar a tona zuciya: nisa kaza, niyya kaza, kwana kaza. Tun dā ma malamai sun san akwai sarkin da ke tafiya a kan taguwa da laima da bayi masu fifita, sun kuma san akwai maƙerin da ke zaune a gari gaban wuta, ba su hana wa sarkin ƙasaru ba, ba su kuma ba maƙerin ba. Jirgin sama bai kawo sabuwar mas'ala ba, tsohuwa ce ya yawaita.

Har batun saurin ma ba su bar shi ba. Shehu Halilu ya ambaci cewa hukuncin yana nan ko a teku aka yi tafiyar, alhali jirgin ruwa idan iska ta yi masa daɗi yakan ci a yini guda abin da raƙumi ke ci a kwanaki. Imamu Nawawi na mazhabar Shafi'i ya bayyana cewa wanda ya ci wannan nisa a teku cikin sa'a guda zai yi ƙasaru. Masu sharhi na Malikiyya kuma sun ƙaddara mutumin da ya yanke nisan ta hanyar tashi sama, suka ce shi ma haka. Waliyyai suke nufi da masu karama, ba su san wata rana ɗan kasuwa zai sayi wannan karama da tikiti ba.

Amma hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da Imamu Muslim ya ruwaito. Ayar ƙasaru, aya ta 101 a cikin Suratun Nisa'i, ta ambaci tsoron fitinar kafirai. Da aka sami zaman lafiya, sai Ya'ala ɗan Umayya ya tambayi Sayyidina Umar, tunda tsoro ya wuce, me ya rage na ƙasaru? Umar ya ce shi ma abin ya taɓa ba shi mamaki, har ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai Annabi ya sanar da shi cewa wannan sadaka ce Allah Ya yi wa bayinSa, su karɓa. Tambayar Umar da tambayar mai duban attajirin nan na cikin jirgi uwarsu ɗaya: sababin da aka sani ya tafi, shin hukunci ya bi shi? Amsar kuwa ta sauya fuskar maganar gaba ɗaya. Da ƙasaru ladan gajiya ne, da sai a ce wanda bai gaji ba ya ci haƙƙin da ba nasa ba. To sadaka ce, mai sadaka kuwa ba a tsara masa wanda zai ba. Saboda haka Malikiyya suka ce ƙasaru sunna ce mai ƙarfi, wanda ya bar ta don ganin bai wahala ba, ya bar abin da ya fi, ko da yana zaton tsantseni yake yi. Akwai wani irin girman kai da ke ɓuya cikin rigar tsantseni, shi ne bawa ya ce wa Ubangijinsa kyautar nan ba ya bukata.

Gaskiya ne akwai malaman da suka bi wata hanya, kuma maganarsu ba abin yarwa ba ce. Hanafiyya da kwana uku suka auna. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya ce babu wani adadi tsayayye daga Annabi, abin da mutane suka saba kira tafiya shi ne tafiya. A bisa wannan ra'ayi, mutumin da ya karya kumallo a Katsina, ya yi ciniki a Kano, ya dawo ya ci tuwon dare a gidansa, bai ɗauki guzuri ba bai yi sallama da kowa ba, ana iya cewa bai yi tafiya ba. Wannan ya fi kusa da abin da zuciya take ji. Sai dai al'ada aba ce mai miƙewa kamar danƙo, kowa zai ja ta zuwa inda ya ga dama, kuma al'adar mai shiga jirgi kowane mako ba ita ce al'adar tsohuwar da ba ta taɓa wuce Mai'aduwa ba. Ga jama'ar da ta tashi a kan Risala, tsayawa a kan mil 48 ya fi kawo natsuwa, ya fi kuma toshe gardama a bakin masallaci.

Shi kuma manomin na Baure ba a manta da shi ba, ƙofarsa ce daban. An yi umurni a jinkirta azahar idan zafi ya tsananta har rana ta yi sanyi. Malamai sun yi fatawa cewa mai girbi da makamancinsa ya kwana da niyyar azumi, idan wahala mai tsanani ta same shi da rana ya sha ya rama. Annabi kuma ya gaya wa Nana A'isha, a batun umararta, cewa ladanta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. Raka'a biyun da manomin ya ɗara attajiri da su ba tara ce aka ci shi ba, suna cikin littafinsa. Game da azumi ma, mazhabar Malik ba ta sakar wa mai jirgi linzami ba. Yin azumin ya fi ga matafiyin da zai iya, kuma wanda alfijir ya keto masa yana gida, jirginsa sai da hantsi zai tashi, ba shi da izinin shan azumin wannan rana.

Sa'an nan kada a yi saurin cewa tafiyar jirgi babu wahala. Rabin sa'ar nan ta sama tana da sa'o'i a gabanta da bayanta: sammako, layi, bincike, jira, da sanarwar an ɗaga tashi. Lokacin hunturu hazo yakan rufe filayen arewa, mutum ya wuni a kan benci ya koma gida. Akwai kuma abin da ba a faɗa, wanda kan sa bakin kowa ya kama salati idan jirgi ya yi girgiza. Mutanen ƙasar nan ba su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Hadisin Abu Huraira da ya siffanta tafiya da yankin azaba, mai hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, bai tsufa ba. A ƙarshensa kuma an umurci wanda ya gama bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa.

Wannan umurni na ƙarshe shi ne ya kamata masu shiga jirgi su fi tsayawa a kansa, fiye da ƙirgar raka'a. Shari'a ba ta tambayi matafiyi ko ya gaji ba, amma ta tambaye shi ina za shi. Muktasar ya shardanta kada tafiyar ta zama ta saɓo. Wanda ya shiga jirgi don ya kai dukiyar jama'a inda zai ɓoye, ko don ya je ya yi shaidar zur, ko don ya guje wa mai binsa bashi alhali yana da abin biya, ba shi da rabo a sadakar nan ko da ya keta teku bakwai. Wannan ma'auni kuwa ya fi na kilomita wuyar cikawa.

Bayan haka akwai kwana shida da wani abu da jirgi ya mayar wa mutum daga makon fatake. Ina suka tafi? Mutumin dā idan ya yi shekara uku bai ga mahaifiyarsa ba, yana da uzuri wanda kowa ya sani: daji, 'yan fashi, damina, rashin abin hawa. Labarin rasuwa ma sai ya iske shi bayan an yi sadakar arba'in. Yau ɗan Daura mai aiki a Abuja, tsakaninsa da filin Katsina kimanin kilomita 450 ne, tafiyar wajen sa'a guda, daga nan mota ta ƙarasa da shi gida kafin la'asar. An ga iyakar abin da sauri ke iya yi a watan Yuli na 2025, sa'ad da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ran 13 ga wata, aka sauko da gawarsa a filin Katsina ran 15, bayan tafiyar fiye da kilomita 4,000, aka ɗauko ta a mota zuwa Daura, aka yi jana'iza aka rufe shi a ranar. Abin da ya yiwu ga mamaci ya fi yiwuwa ga mai rai. Amma sau nawa ake ganin mai hali ya iso gaisuwar mutuwa cikin yini guda, alhali mamacin ya yi wata shida a kwance bai sami zuwa dubiya ba, yana aiko da saƙo ta waya cewa hanya ta yi nisa? Irin wannan mutum ya karɓi rangwamen matafiyin dā, wannan kuwa halal ne a gare shi, amma ya haɗa da uzurin matafiyin dā, wanda tuni ya faɗi daga kansa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce sai ƙafar ta yi kaushi ba.

Ba da kowa ake wannan magana ba. Yawancin mutanen masarautar Daura ba su taɓa taka matakalar jirgi ba, in ba wanda Allah Ya kira hajji ba, kuɗin tikiti kuwa ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Wanda ke Legas ko Fatakwal yana neman abin kai wa baka, tsakaninsa da gida kwana da yini a mota ga tsoron hanya, uzurinsa yana nan, Allah kuma ba Ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Nauyin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda hanya ta gajarce wa mutum, kuma kowa ya san tsawon tasa hanyar.

Saura hukunci ɗaya wanda masu zuwa gida a gurguje suke yawan kuskurewa. Mutum ya sauka Katsina da hantsi, mota ta kawo shi Daura, nufinsa ya yi sa'a uku ya juya don kada jirgin yamma ya bar shi, sai ya ce ai shi matafiyi ne, tunda bai yi niyyar kwana huɗu ba. Malikiyya sun ce shigar mutum garin da yake mazauninsa tana yanke hukuncin tafiya, haka kuma shiga garin da matarsa wadda ya tare da ita take zaune, ko da wucewa zai yi. Saboda haka wanda iyalinsa suke Daura, ko wanda aiki ne kawai ya fitar da shi bai yi niyyar ƙaura ba, da zarar ya shigo cikin gine-ginen gari ya zama mazauni. Idan azahar ta same shi a nan raka'a huɗu zai yi, ko a bayan liman ko shi kaɗai, ba kuma zai koma ga biyu ba sai ya sake fita ya bar gidajen garin a bayansa.